Matar da Ta Daina Hura Wutar Asabar

Shekara arba'in da shida Irja Niskanen ta yi tana hura wutar sauna, ɗakin wankan zafi, duk ranar Asabar, kuma a cikin shekarun nan kaf babu Asabar ɗaya da ta riga kowa shiga.

Saunar gidansu tana bakin tafki ne, a gonar mijinta Tauno, can bayan garin Kiuruvesi: ɗan ɗaki na gungumen itace da hayaƙi ya mayar baƙi, da murhu cike da duwatsu, da benci hawa biyu. Kakan Tauno ya gina ta. A ciki aka haifi uban Tauno, a ciki aka yi wa kakarsa wankan gawa, kuma babu baƙon da ya taɓa zuwa gidan ya tsira daga jin wannan tarihi. Abin da Tauno bai taɓa sawa a tarihin ba shi ne mai ɗebo ruwan. Bokiti goma sha huɗu ne daga tafki zuwa ɗakin. In sanyi ya kama, sai an fara sare ƙanƙara da gatari kafin a kai ga ruwa.

Irja ta shigo gidan tana da shekara ashirin da biyu, 'yar wani mai gyaran takalma daga tsallaken tafki. Asabar ɗin farko surukarta ta miƙa mata kwalin ashana, ta nuna mata hanyar bakin ruwa da haɓa, ba ta ƙara ko kalma ba. Wutar ranar hayaƙi ta yi. Maza suka fito suna tari, ido jajir, aka kwashe shekara guda ana tsokanarta da shi a kowane zama. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Koyo ta yi, da irin naci na wanda aka yi wa dariya. Ta kai tana gane itacen da ya shekara biyu a rumfa daga ƙarar da yake yi in an gwara shi da wani. Ta gane wuta biyu ake yi, ta farko don duwatsu, ta biyu don bango. Ta gane in garwashi ya kwanta sai a watsa ludayi ɗaya a buɗe ƙofa ɗacin ya fita, sannan a rufe a bar ɗakin rabin awa ya huta. Hucin da ke tashi daga duwatsunta in an zuba ruwa ba ya cizon kunne. Lulluɓe mutum yake yi a hankali, daga ƙeya zuwa gadon baya, har ka ji kafaɗarka ta sauko da kanta. Maƙwabta da ke da tasu saunar sukan ƙirƙiri dalilin biyowa ta gidan ranar Asabar da yamma, da tawul a ƙarƙashin kujerar mota.

Ƙarfe biyar ɗakin ke kaiwa yadda ake so, kuma ƙarfe biyar shanu ke jiran tatsa. Saboda haka daga garke take jin su: Tauno, da ƙanensa Kauko, da duk wanda ya faɗo, daga baya kuma da ɗanta ɗaya tilo, Teppo. Sai ka ji ruwa ya ce cuuu a kan duwatsu, a yi shiru, sannan murya ta tashi. Tauno da ba ya haɗa kalma goma a teburin abinci, a bencin sama har dariya yake yi. In sun gama, ita ma ta gama wanke bokitan madara, sai ta shiga cikin sauran zafi, ganyen da suka doki jikinsu da shi ya manne a daɓe, ruwan tukunya ya koma ɗumi-ɗumi. Ta yi wanka, ta goge benci, ta kwashe toka. A gidaje da yawa wannan tsari ya daɗe da mutuwa. A gidan Tauno bai ko yi zazzaɓi ba.

Kada a ce ba ta samu komai a ciki ba, don ƙarya ne, kuma Irja ta fi kowa sanin ƙarya ne. In Tauno ya ɓata mata rai a cikin mako ba ta tanka masa. Gungume uku take ƙarawa ranar Asabar, ya shiga da girman kansa ya fito kamar an feɗe shi, kuma ya san laifin da ya yi. In ta ji daɗinsa, tun da rana take jiƙa masa damin ganyen bishiyar koibu na dukan jiki, ya tarar da shi laushi yana ƙamshi. Da wuta suka yi faɗansu, da wuta suka yi sulhunsu. Kuma al'ada ce in an fito a gode wa wanda ya hura. Tauno kan wuce ta ƙofar kicin da fuska ja ya ce, "Ta yi." Teppo kuwa tun yana ƙarami har ya yi furfura a gemu yakan tsaya ya dafa ƙyaure ya ce, "Mama, hucin yau ya yi daɗi." Ko da ya yi aure ya koma cikin gari yana tuƙin babbar motar ɗaukar katako, bai taɓa fashin Asabar ba. Matan coci suka riƙa ce mata, "Ke kam kin haifi ɗa." Ita ma haka ta ɗauka.

Tauno ya faɗi a gefen tarakta wata safiya a watan Maris, bai ƙara tashi ba. Teppo ba ya son shanu, shanu ma ba sa sonsa, don haka aka sayar wa maƙwabci gonar da duk abin da ke kanta. A wajen jana'iza Teppo bai zubar da hawaye ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa, haka mazan wurin suke. Amma ranar da za a miƙa makullai Irja ta neme shi a cikin gida ta rasa. Ba ya kicin inda ta goye shi tana murza ƙullu, ba ya ɗakin da ta yi jinyarsa mako uku lokacin da ciwon huhu ya kusa tafiya da shi. Ta leƙa ta taga ta hango shi a bakin tafki, ƙaton mutum mai shekara arba'in da huɗu, ya kifa goshi a bangon sauna, kafaɗunsa suna rawa.

Da wata uwa ce, tausayi za ta ji. Ban da Irja. Ta tuna bara, da aka yi mata tiyatar gwiwa ta kwana tara a asibiti: sau ɗaya Teppo ya zo, ya tsaya minti goma da hula a hannu yana leƙen inda ya ajiye mota. Tambayar ta zo mata a tsaye a bakin tagar nan, kuma ba ta sake barinta ba. Duk Asabar ɗin nan, wajen wa yake zuwa?

Ta sayi ƙaramin gida a bakin gari, mai ɗaki biyu da bishiyar tuffa ɗaya. Bayan gidan akwai ɗakin wanka da katakonsa ya ruɓe, dole a rushe a sake. Aka kira magini, wani Lassi Tikkanen, ya zo da littafin hotuna ya baje a teburin kicin. Teppo na nan, da matarsa Satu, ma'aikaciyar jinya mai kaifin ido, da Kauko wanda ba wanda ya gayyata amma ya ji ƙamshin gahawa.

"To, Irja," in ji Lassi, "kusurwar nan za ta ɗauki mutum huɗu in ba su cika ƙiba ba. Murhun itace ko na lantarki?"

"Na itace mana," in ji Teppo. "Wannan ma tambaya ce?"

"Ba kai na tambaya ba, direba. Gidan tsohuwa ne."

"Buɗe can baya," in ji Irja. "Shafin nan mai shuɗin tayil."

Lassi ya buɗe, ya duba, ya ɗago ya dube ta. "Wannan ai ɗakin tururi ne."

"Na iya karatu."

Ta san abin da take nunawa. Bayan tiyatar an tura ta mako guda wani gidan hutu na masu gyaran ƙafa, a can ta fara shiga irinsa: ɗaki na tayil da ƙofar gilashi, farin tururi ya cika shi har ba ka ganin gwiwarka. Ba wanda ya faskara itace, ba wanda ya ɗebo ruwa. Ta zauna a ciki ba wanda ke ganinta, ba wanda ke jiranta, har ta yi gyangyaɗi.

Kauko ya jawo littafin gabansa ya sa tabarau. "Matar yaya, wannan ai tukunyar turara dankali ce. Mu kike so ki dafa?"

"Kai ko wuni aka yi ana dafa ka ba za ka yi laushi ba."

"Irin na otal ne fa. Irin wanda mutanen Helsinki ke shiga da gajeren wando."

"To ka shiga da naka, ka rufa mana asiri. Shekara arba'in ina ganin abin da ban roƙa ba yana gudu zuwa tafki."

Lassi ya ƙware da gahawa. Satu ta kau da kai tana danne dariya. Teppo kaɗai bai yi ko murmushi ba.

"Mama, da gaske kike?"

"Gwiwata, Teppo."

"Ni zan faskara miki itacen. Ruwa kuma ga famfo, ba tafki ba ne."

"Likita ya ce busasshen zafi bai dace da ƙirjina ba."

"Wane likita?"

"Nawa."

Likitan nata cewa ya yi ta shiga sauna duk yadda take so, in dai ba za ta faɗa ruwan ƙanƙara bayan ta fito ba. Satu ta sani, don tana ɗakin lokacin da ya faɗa. Ta ajiye cokalinta a hankali.

"Ba za a iya yin duka biyun ba?" Teppo ya tambayi magini.

"A wannan lungun? Sai dai in za ku riƙa shiga a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya za a zaɓa."

"An zaɓa," in ji Irja.

"Gida babu sauna," in ji Teppo, a hankali, kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

Da maza suka fita duba bango, Satu ta tsaya wanke kofuna. Kaka take kiran Irja, yadda 'ya'yanta da suka tafi karatu birni suke kiranta.

"Kaka, ƙirjinki ƙalau yake."

"Ke kika sani."

"Gwada shi kike son yi."

"Wa?"

"Haba, Kaka. Shekara goma sha tara ina auren mutumin nan. Ba mugu ba ne. Amma in kika ɗana masa tarko zai faɗa, don ko kallon ƙasa ba ya yi in yana tafiya. To in ya faɗa fa? Me za ki yi da abin da kika sani?"

"Goge kofin nan da kyau," in ji Irja, "akwai sauran sukari a gindinsa."

A zuciyarta ta riga ta tsara yadda za ta kasance. Zai zo, ya ɗan yi gunaguni, ya shiga tururin ko kada ya shiga, sannan ya zauna a kicin ya ci burodinta mai kifi a ciki, su yi hira. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta hirar me ba. Kuma can ƙasan wannan akwai wani abu da ba ta yarda ta kalla ba: tana son wani ya biya. Tauno ya tsere mata, ya mutu da "Ta yi" a bakinsa. Saura ɗan da ya gaji tafiyarsa da shirunsa.

Aka gama aiki a tsakiyar watan Yuni. Asabar ɗin farko, tun ƙarfe uku Irja ta danna maɓallin tururi ta shiga ita kaɗai, ta riga kowa. Ta zauna a bencin tayil tana jiran daɗin abin ya zo mata. Tururi ya fito daga ɗan bututu a gindin bango, ya cika ɗakin, ya ɗiga daga rufi a kan wuyanta. Can ta gane cewa a ɗakin da zafinsa ba ya ƙarewa, na farko da na ƙarshe duk ɗaya ne. Abin da aka hana ta shekara arba'in da shida babu shi a nan, balle ta ƙwace. Ta fito ta sa burodi a tanda.

Ƙarfe biyar Teppo da Kauko suka iso. Kauko na riƙe da sabon damin ganyen koibu da ya yanka da safe, da ludayinsa na katako a soke a aljihun baya.

"Ina za ka da waɗannan?" in ji Irja.

"Wanka na zo, matar yaya. Soja ba ya zuwa yaƙi hannu sake."

Suka shiga. Ta zauna a kicin, bango ɗaya tsakaninta da su, ta kasa kunne kamar yadda ta saba yi daga garke. Ba ta ji komai ba sai gurnanin inji. A tsohuwar sauna ludayi ne ke buɗe bakin maza. Wani ya ce, "A ƙara?" wani ya ce, "Ƙara," ruwa ya yi ƙara a duwatsu, kowa ya sunkuya huci ya wuce ta kansa, kuma a cikin wannan sunkuyon ne mutum ke samun ƙarfin faɗin abin da ya ci masa rai tun Litinin, ido a ƙasa, ba mai kallon wani. A nan babu abin tambaya, babu abin yi da hannu. Ƙatti biyu tsirara a cikin farin tururi, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa.

Can ta ji fatsam, sannan muryar Kauko: "Ko gezau bai yi ba." Ya ɗebi ruwa a famfo ya watsa wa bututun tururin, hannunsa ya riga hankalinsa. Sannan ta ji yana dukan bayansa da ganye, sai dai ƙarar ba irin wadda ta sani ba ce. A busasshen zafi ganyen tashi yake yi ya kaɗo iska mai ƙamshi. A wannan laima yaushi ya yi kamar dafaffen alayyafo, ya zube ya toshe rariya. Minti goma sha biyu suka yi. Suka fito ruwa na bin su har bakin ƙofa.

"An turara mu," in ji Kauko. "Saura gishiri da man shanu."

Teppo ya zo ƙofar kicin da tawul a wuya, ya dafa ƙyaure. Ta juyo. Ya buɗe baki.

"Mama, hucin..." Sai ya tsaya. Ya dubi hannunta, ya dubi bango inda maɓallin yake. Mutum ne da ba ya faɗin abin da ba haka ba, ko don ladabi. "Tayil ɗin ya yi kyau," in ji shi.

A nan ta san abin da ta rushe da hannunta. Jimla ɗaya ce ɗan nan yake da ita dominta a duniya, kuma ta cire ƙasan da jimlar ke tsaye a kai.

Suka zauna cin burodi. Ta tambaye shi aiki, ya ce ƙalau. Ta tambayi mota, ya ce an canja taya. Ta tambayi yara, ya ce Satu ce ke waya da su. Agogon bango ya cika sauran. Ba don Kauko da surutunsa ba, da an ji ƙarar taunar kowa.

Asabar ta biyu ya zo shi kaɗai, bai shiga tururi ba, ya gyara mata ƙofar rumfa da ba ta lalace ba, ya sha gahawa a tsaye. Ta uku ya zo ya yanke ciyawa. Ta huɗu ya bugo waya, wai an ba shi lodi zuwa garin Kajaani. Ta biyar bai bugo ba. A kantin gari ne matar maƙwabcinsu na da ta tare ta a gaban firjin madara, da fara'arta ta mai kawo labari.

"Ai jiya na ga motar Teppo a bukkar Kauko. Hayaƙi na tashi. Kowace Asabar suna can, ashe? Kin huta, 'yar'uwa."

"Na huta," in ji Irja, ta ɗauki madarar da ba ta buƙata.

Ba ta daina gasa burodin ba. Duk Asabar sai ta gasa guda biyu, ta ci yanka ɗaya, ta naɗe sauran ta jera a firiza, har murfin ya fara ƙin rufuwa. Kuma jikinta bai ji labarin an daina hura wuta ba. Da ƙarfe goma sha biyun Asabar ta yi sai tafin hannunta ya fara ƙaiƙayi, ta tsinci kanta a tsakar gida tana duban inda iska ta dosa, don ta san yadda hayaƙi zai ja. Sai ta koma ciki ta danna maɓalli. Gaskiya ɗakin yana yin abin da aka saye shi ya yi. Gwiwarta ta saki, barcinta ya gyaru, fatarta ta yi laushi. Takan zauna a cikin farin nan ba mai ganinta, ba mai jiranta, daidai yadda ta so. A can gidan hutu wannan daɗi ne, don akwai gidan da za ta koma a jira ta.

Satu kan leƙo jefi-jefi bayan ta tashi daga aiki, kuma ita kaɗai ce ke son tururin. Wata rana suna zaune a ciki, ba mai ganin fuskar wata, ta ce, "Kira shi mana, Kaka. Ki ce kina son ganinsa."

"In sai na kira, ai na san amsa."

"To ba amsar kike nema ba?"

Irja ta share ruwan da ya ɗiga mata a wuya.

"Ya rame fa," in ji Satu. "Wutar Kauko hayaƙi take yi, kullum da ciwon kai yake dawowa. Ya zauna a mota a ƙofar gida ya fi minti ashirin kafin ya shigo. Ba ke kaɗai aka cuta ba."

"Wa ya cuce ni? Ni na zaɓa."

"Shi ne ai."

Ganyen tuffa ya zube, ƙanƙarar farko ta sauka ta narke. Wata Laraba da rana a watan Nuwamba Irja ta ji ƙarar babbar mota ta tsaya a bakin titi. Teppo ya shigo da kayan aiki a jikinsa, ya cire takalma, ya tsaya a tsakiyar kicin kamar wanda ya zo gidan baƙi. Wata huɗu ke nan rabonta da shi in ban da gaisuwa a ƙofar coci.

"Laraba ce yau," in ji ta.

"Na sani. Hanya ce ta biyo da ni."

Ta ɗora gahawa, ta ciro burodi daga firiza. Murna ta kama ta kamar yarinya, kuma ta ji haushin kanta saboda haka. Ya zo. Ba Asabar ba, ba tawul, ya zo. Ta juya masa baya tana yanka burodin don kada ya ga bakinta.

"Mama, wani abokin aikina zai rabu da murhunsa. Na itace ne, mai kyau, shekara uku kawai ya yi. Duwatsu ma zan samo a bakin tafkinmu na da, na yi magana da mai gonar." Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ajiye a tebur. "Lassi ya ce in an ɓamɓare tayil ɗin, mako biyu ya isa. Ni zan yi rabin aikin. Don ke ma ki samu... ai kin saba."

Wuƙar ta tsaya a cikin burodin. Ta juyo ta dubi tef ɗin, ta dube shi.

"Don ni."

"Eh mana."

"Zauna, Teppo."

Ya zauna a bakin kujera.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka ce mini tayil ya yi kyau. In na ce a'a, in na ce ɗakin nan zai zauna yadda yake har in mutu, za ka zo ranar Asabar?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ta ga yana nema da gaske, yana juya tambayar yana duba ƙarƙashinta, yadda yake duba inji in ya ƙi tashi. Da zai yi mata ƙarya da ta karɓa da hannu biyu. Ya ɗago, kuma babu ko ɗigon mugunta a fuskarsa, sai ruɗewa irin ta mai gaskiya.

"Mama, in zo in yi me?"

Tukunyar gahawa ta tafasa ta fara zuba a kan murhu. Ba wanda ya motsa, sai da ƙauri ya tashi sannan Irja ta miƙa hannu ta kashe. Wata biyar ta yi tana jiran wannan amsa, ta rushe bango ta gina bango don ta same ta, ga shi an ba ta a kalma shida, kyauta. Ta nemi fushi a cikinta, irin wanda ke sa a nuna wa mutum ƙofa. Yana nan, bai je ko'ina ba. Amma ta auna shi da Asabar ɗin da suka rage mata, ko guda ɗari biyu ne ko ɗari biyar, kowace da maɓallinta, ta ga fushin ba zai kai ta ko Kirsimeti ba.

Teppo ya ga shirun ya yi yawa, kuma shiru a kicin ba abin da ya iya da shi ba ne. Ya ɗauki tef ya nufi ɗakin wanka. Ta ji ƙofar gilashi ta buɗe, ta ji tef ya zaro ya koma da ƙarfi, ya sake zarowa ya sake komawa. Tayil ɗin santsi ne da shi, bakin tef ɗin ba ya kama.

"Mama," ya kira daga ciki. "Ko za ki ɗan riƙe mini nan?"

Ta goge hannu a jikin riga. Ta shiga, ta dafa bango, ta durƙusa a kan gwiwar da aka yi wa tiyata, ta danne bakin tef ɗin da babban yatsa a kusurwa.

"Ba nan za ka sa murhun ba," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Kusa da ƙofa ake sawa, in ba haka ba hucin zai tsaya a sama. Ja can."